Kulob ɗin zane da aikin hannu a makaranta: tambayoyi da amsoshi

Duk lokacin da aka ce za a buɗe wa ɗalibai kulob ɗin zane, tambayoyi kusan iri ɗaya ne ke dawowa, ko a taron iyaye da malamai, ko a ofishin hedimasta, ko a bakin ƙofa lokacin ɗaukar yara. Na tattara su a nan daga shekarun da na yi ina kula da irin wannan kulob a wata makarantar je-ka-ka-dawo. Na sa musu lamba don sauƙin komawa daga wata amsa zuwa wata.

1. Me ya raba kulob ɗin da darasin zane na cikin aji?

A aji akwai manhaja, akwai jarrabawa, akwai maki. Darasin al'adu da fasahar ƙirƙira da ake koyarwa a firamare da ƙaramar sakandare, a makarantu da yawa a kan allo yake ƙarewa: yaro ya haddace cewa ja da rawaya suna ba da ruwan lemo, ya rubuta a jarrabawa ya ci, alhali bai taɓa haɗa su da hannunsa ba. Shi kuwa kulob bayan an tashi ake yin sa, mai so ne ke zuwa, kuma jan biro ba ya shiga. Yaron ne ke zaɓar abin da zai yi, ya ɓata, ya sake.

Sunan zane kuma kada ya ruɗe ku. A ƙarƙashinsa akwai ginin yumɓu, da rini, da saƙar kaba, da zayyana, da ɗinkin hula, da ƙera motar kara ko ta langa-langa. Fensir da takarda kashi ɗaya ne kawai.

2. Ba ɓata lokacin karatu ba ne, ga lissafi da Turanci suna ba yaro wahala?

Wannan ce tambayar da iyaye maza suka fi yi, kuma ba na ganin laifinsu. Awa ɗaya da rabi ne a mako. Ku duba abin da yaron ke yi da wannan lokacin in babu kulob: galibi waya ce, ko talabijin, ko gararamba a unguwa. Ba daga lokacin lissafi ake yanko shi ba.

Ba zan yi muku alkawarin cewa zane zai sa yaro ya zo na ɗaya a aji ba. Duk wanda ya faɗa muku haka talla yake yi. Abin da na gani da idona ya fi wannan ƙanƙanta, amma gaskiya ne. Yaron da ba ya iya zaman minti goma a kujera sai ka ga ya share minti arba'in yana gyara bakin tukunya. Wanda ke zayyana dole ya auna, ya raba da'ira gida takwas daidai, ya ƙirga layi, ko da bai san lissafi yake yi ba. Mai kunya da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba, sai ta tsaya gaban 'yan'uwanta tana bayanin yadda ta ɗaure ƙyalle kafin ta tsoma shi a rini. In ɗalibi yana ajin ƙarshe kuma jarrabawar WAEC ko NECO ta matso, babu laifi ya ɗan dakata.

3. Ina batun addini? An ce zanen mai rai haramun ne.

Wannan tambaya ba a kewaye ta, kuma malamin kulob da ya yi mata riƙon sakainar kashi ba zai daɗe da yara ba. Hadisan da suka yi gargaɗi kan suranta mai rai ingantattu ne. A cikinsu kuma akwai wanda wani mai sana'ar yin surori ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, ya gargaɗe shi, sannan ya ce masa in dai dole ne sai ya yi, to ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Saboda haka bishiya, da fure, da gida, da kogi, da mota, da ganuwa, da duk wani zanen ado, babu saɓani a kansu.

Inda malamai suka yi saɓani shi ne hoton mutum ko dabba a kan takarda. Abin da ya shahara a mazhabar Malikiyya shi ne haramcin yana kan sura cikakkiya mai jiki, wadda ke da inuwa. Wadda aka zana a shafe kuwa ba ta kai haram ba, ko da yake barinta ya fi. Wasu malaman sun tsananta fiye da haka. 'Yartsanar wasan yara mata an yi rangwame a kanta, saboda hadisin Nana A'isha da 'yan tsanarta. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, kowane gida ya tambayi malaminsa.

Yadda muka yi a aikace shi ne, ba a taɓa tilasta wa yaro zana mai rai ba, kuma a yumɓu tukwane da kasake da asusu da fitilu muke ginawa. Da wannan kaɗai an yi shekaru ba a rasa abin yi ba. Ku duba amsa ta 4, za ku ga cewa yawancin fasahar da muka gada dama can ba ta dogara da zanen fuska ba.

4. Wannan ba al'adar Turawa ba ce aka shigo mana da ita?

Sunan kulob baƙo ne, aikin kuwa ɗan gida ne. Almajirin da ya sauke Alƙur'ani ana yi masa allon zayyana, da tawada baƙa da ja da rawaya, a rarrabe gida-gida da layuka masu ƙa'ida. Maginan Kano da Zariya da Damagaram sun daɗe suna yi wa fuskar soraye ado da dagi da sauran siffofi, wanda ya shiga unguwar Birni a Zinder har yau zai gani. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, bai je makarantar boko ba. Karofin Ƙofar Mata a Kano ana danganta kafuwarsa da shekarar 1498. Ga aska takwas a wuyan babbar riga, ga zanen ƙwarya, ga faifai, ga ƙunshin lalle.

Ku zaro naira ashirin daga aljihu ku juya bayanta. Matar da ke zaune tana ginin tukunya Ladi Kwali ce, Bagwariya daga garin Kwali, wadda ta koyi sana'ar tun tana yarinya a wurin 'yar'uwar iyayenta. Tukwanenta har fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau suka kai, a can Baturen nan Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da ya buɗe a Abujar da, wato Suleja ta yanzu, kuma a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. Ina fara kowace sabuwar shekarar kulob da wannan takardar kuɗi, domin yawancin yaran sun riƙe ta sau ɗari ba su taɓa tambayar wace ce ba.

5. Daga shekara nawa yaro zai iya shiga?

Da zarar ya daina kai komai baki. 'Yan shekara huɗu zuwa shida a ba su babbar takarda da alli ko gawayi, a bar su su yi ta kwaramniya. Zagaye mai ƙafa biyu da suka ce Baba ne, to Baba ne, kada a gyara musu. Daga bakwai zuwa goma hannu ya fara nuna, sai yumɓu da almakashi da saƙa. Rini da allura da duk abin da ke da kaifi sai 'yan sakandare. Haɗa ɗan aji biyu na firamare da ɗan babbar sakandare a zama ɗaya ba ya yin kyau: ƙaramin zai ajiye nasa ya koma kallo.

6. Ɗana ya ce shi bai iya zane ba. Ba sai mai baiwa ba?

Ku lura da shekarun da ya fara faɗin haka. Ɗan shekara biyar ba ya cewa bai iya ba. Sai wajen tara zuwa goma sha ɗaya, lokacin da idonsa ya riga hannunsa wayewa: yana son dokin da ya zana ya yi kama da doki, sai ya fito kamar akuya, wani ya yi dariya, shi ke nan ya ajiye fensir. Manya da yawa da ke cewa ko layi ba su iya ja ba, a nan suka tsaya.

Baiwa gaskiya ce, wasu yaran da ita aka haife su. Amma kulob ba don su kaɗai aka yi shi ba, kamar yadda ba sai wanda zai buga wa Kano Pillars ake bari ya taka leda ba. Irin wannan yaro kada a sake miƙa masa fensir. A ba shi yumɓu, ko a ba shi dankali ya yanka siffa ya riƙa dangwalawa a fenti yana bugawa a takarda, ko ɗaurin rini, inda babu wanda ya san abin da zai fito sai an kwance. Kuma a gida, maimakon "mene ne wannan?" ku ce "ba ni labarinsa". Bahago kuwa a ƙyale shi da hagunsa a wurin zane.

7. Makarantarmu ba ta da kuɗin sayen kayan aiki. Za mu iya farawa?

Za ku iya, kuma ni a ganina kulob ɗin da ya fara da kayan gida ya fi wanda ya fara da kwalin fentin kanti ɗorewa, domin ranar da kwalin ya ƙare na biyun ya mutu. Bayan tsohuwar kalanda takarda ce mai kauri. Kwalayen taliya da na sabulu masu shago zubarwa suke yi. Gawayin murhu yana zane. Tela zai ba ku ragowar atamfa cikin buhu. Karan dawa bayan girbi, da murafen kwalba, da bawon gyaɗa, da kaba, da yumɓun bakin rafi, duk kyauta ne ko kusa da kyauta. Sitacin rogo in aka dama shi da ruwan zafi ya zama gam, da shi da tsoffin jaridu ana gina kwano ko taswira mai tudu da kwari. Burushi kuma a daddaƙa bakin asuwaki, ko a fiƙe alƙalamin gamba irin na makarantar allo.

Abin da ya cancanci a kashe wa kuɗi kaɗan ne: almakasai masu dakusasshen baki, fensira, bokiti biyu, sabulu, da akwati mai kwaɗo. Akwatin nan kada ku raina shi. Shekarar farko mun yi asarar aikin zango guda saboda an bar aikin a taga, ruwan farko na damina ya gama da shi.

8. Yaya ake haɗa fenti a gida?

Sirrin yana wurin masu dafa tawada: ƙaro. A jiƙa ƙaro kashi ɗaya cikin ruwan ɗumi kashi biyu, ya kwana, a tace da ƙyalle. Wannan ruwan shi ke riƙe launi a jikin takarda. Sai a niƙa abin launin ya yi laushi kamar kwalli, a tankaɗe, a kwaɓa da ruwan ƙaron. Gawayi yana ba da baƙi, jar ƙasa ja mai duhu, farar ƙasa fari, gangamau rawaya, shuɗin wanki shuɗi. Karan dafi, wanda dukawa ke rina fata da shi, yana ba da ja mai kyau. Ɗigon zuma ɗaya yana hana fentin tsattsagewa in ya bushe.

Zoɓo shi ne abin da yara suka fi so. A dafa shi ya yi kauri, a raba kofi uku. A bar na farko yadda yake, a matsa lemon tsami a na biyu, a jefa 'yar kanwa a na uku. Na biyun zai ƙara haske, na ukun ya juye ya koma wajen kore mai duhu, yara su yi ta ihu kamar an yi dabo. Gangamau ma in ya gamu da kanwa ja yake komawa. Malamin kimiyya zai gaya muku darasin asid da kishiyarsa ne aka yi ba tare da an ambaci sunansa ba. Aibin launin zoɓo ɗaya ne: rana na kashe shi, cikin 'yan makonni ya koɗe. Aikin da ake son ajiyewa a yi shi da ƙasa da gawayi. A haɗa daidai na ranar kawai, domin fentin gida yana yin tsami.

9. Me ya sa abin da yara suka gina da yumɓu yake tsagewa?

Dalili uku ne galibi. Ko ba a cuɗa yumɓun sosai ba, iska ta maƙale a ciki. Ko wani gefe ya fi wani kauri. Ko ya bushe da gaggawa. Na ukun ya fi yawa a lokacin hunturu, iskar nan tana iya tsaga tukunya kafin la'asar. A jiƙa yumɓu, a tsince tsakuwa, a daka tsingaro ya zama gari a zuba a ciki, a cuɗa kamar ƙullin alkaki. Kaurin bango kada ya wuce na ɗan yatsa. In an gama a lulluɓe da leda kwana biyu, sannan a buɗe a inuwa ya yi mako guda ko fiye.

Gashi kuwa kada ku yi shi a makaranta. Ku roƙi masu ginin tukwane na garinku su sa kayan yaran cikin nasu ranar da za su gasa. Abin da bai gama bushewa ba fashewa yake yi a wuta, har ya ɓata na kusa da shi, don haka in maginiya ta ce wannan bai isa ba, ku ji maganarta.

10. Akwai abin da zai iya cutar da yara?

Akwai, kuma mafi yawansa abin da muka saba gani ne har muka daina jin tsoronsa. Baƙin cikin tsohon batir, wanda ake goga wa allon aji, kada yaro ya taɓa shi. Fentin mai na gini da kananzir ko fetur da ake wanke burushi da su ba na yara ba ne. Sodar da marina na zamani ke zubawa a rinin kanti tana ƙona fata da ido. In za a yi rini, babba ne zai haɗa, da safar hannu, a fili. Baƙin lallen kanti mai kamawa nan take yana sa wa wasu ƙuraje da ƙuna, a tsaya ga lallen gargajiya. Reza kuma ba ta da gurbi a kulob.

Sai ƙasa. Ba kowace ƙasa mai kyan launi ake ɗiba ba. Gubar dalmar da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito. Duk inda ake haƙar ma'adinai ko wanke shi, kada a ɗebo ƙasa ko yumɓu daga wurin. Niƙa da tankaɗen da aka ambata a amsa ta 8, babba ya yi su a waje, musamman in akwai mai asma. A wanke hannu da sabulu kafin a tashi, kuma ba a ci ba a sha a kan aiki.

11. Wace rana ta fi dacewa, kuma yara nawa?

Alhamis bayan an tashi, domin yawancin Islamiyyu da makarantun allo suna hutu Alhamis da Juma'a, ba za a ce kulob ya hana yaro karatun yamma ba. Yara ashirin zuwa ashirin da biyar ga babba ɗaya. In sun fi haka a raba su mako-mako. Minti goma sha biyar na ƙarshe na shara da wanke-wanke ne, kuma maza ma suna yi. A sanar da iyaye lokacin tashi a rubuce, musamman iyayen 'yan mata.

12. Ba mu da malamin zane. Wa zai jagoranta?

Malamin da ke da haƙuri kuma ba ya ƙyamar datti. Ba sai ya iya zane ba. Wani lokaci ma gwanin zane ya fi ɓata kulob, domin hannunsa ba ya haƙuri, sai ya karɓe takardar yaro ya "gyara", yaron ya koma gida da aikin malam. Aikin jagora shi ne ya tanadi kaya, ya nuna dabara sau ɗaya, ya koma gefe.

Gwanintar kuwa tana cikin gari. Mai ɗinkin hula, da maginiyar tukwane, da baduku, da marini, da alaramma mai zayyana, da mai rubuta allon shago ko bayan babbar mota, kowannensu zai iya zuwa sau ɗaya a zango. A je a gaishe su da girmamawa, a biya su kuɗin mota da na lokacinsu, kuma malamin makaranta ya kasance a wurin daga farko har ƙarshe. Ranar da wata dattijuwa ta zo ta gina tulu a gaban yaranmu, ba tare da injin juyi ba, ita ce ke zagaya tulun, jikarta da ke ajin ta yi mako guda tana tafiya da ƙafar alfahari. Da can kunyar faɗin sana'ar gidansu take ji.

13. A riƙa yin gasa da ba da kyauta? A sayar da abin da suka yi?

Baje koli ya fi gasa. A ƙarshen zango, ko ranar yara ta 27 ga Mayu, ko ranar rabon kyaututtuka, a ɗaura igiya a rataye aikin kowa da sunansa, har da wanda ya karkace. Da zarar an ce na ɗaya, na biyu, na uku, an dawo da abin da aka gudo daga gare shi a amsa ta 1, kuma yaron amsa ta 6 ba zai sake zuwa ba. In wata gasa ta zo daga waje, mai so ya shiga, wannan daban.

Sayarwa babu laifi in yaron ya yarda, kuma an faɗi tun farko inda kuɗin zai tafi. Amma ku yi hattara: da an ga faifai ko ƙyallen rini yana shiga, sai a fara cewa kowa ya yi irinsa guda goma. Daga nan kulob ya zama masana'anta.

14. Ina za mu kai su su gani da ido?

Ku fara da abin da ƙafa za ta kai: karofi, ko rumfar dukawa, ko tsohon soro mai ado a cikin gari. Na Kano suna da Gidan Makama da Ƙofar Mata da kasuwar Kurmi. A Jos akwai gidan tarihin da aka buɗe a 1952, mai tsoffin kayan yumɓu na mutanen Nok da tarin tukwane, kusa da shi kuma ga wurin da aka gina kwaikwayon gine-ginen gargajiya, har da masallacin Zariya da ganuwar Kano. A Yamai gidan tarihi na Boubou Hama yana da masu sana'ar hannu da ke aiki a gaban baƙi. Kowane yaro ya tafi da fensir da takarda, a ce ya zano abu ɗaya tak da ya burge shi. In ba haka ba, hoton waya kawai za a dawo da shi.

15. In yaro ya nace, akwai abin yi a gaba, ko wasa ne kawai?

Ga yawancinsu wasa ne, kuma ya isa haka. Ga ɗan kaɗan da abin ya shiga jininsu, hanya a buɗe take. Ana rubuta darasin zane a WAEC da NECO da JAMB. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen zane-zane da sashen fasahar masana'antu, inda ake karanta tukwane da tufafi da gilashi da zanen bugawa. Tun kafin ta zama jami'a a 1962, ɗaliban kwalejin da ke wurin, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko, suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a Zariya a 1958, suna cewa a haɗa dabarar da aka koya daga Turawa da fasahar gida. Kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha da dama su ma suna da irin waɗannan sassa.

Abincin yana wurin zanen tambari da talla a kwamfuta, da tsara littattafan yara, da zanen atamfa da ɗinki, da adon ɗaki, da shirya dandalin fim, da koyarwa. Mai sha'awar zanen gine-gine kuwa a gaya masa tun yana ajin farko na babbar sakandare cewa sai da lissafi da fizik ake shiga, kada ya yar da su ya ce shi mai zane ne. Ku samo masa babban fayil ya riƙa ajiye aikinsa, kowanne da kwanan wata a bayansa, domin duk wanda zai ɗauke shi koyo ko aiki abin da zai fara cewa shi ne ya kawo abin da ya taɓa yi a gani.